Neman kalma: "timing" na alƙalin besbol

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Gobe da safe zan miƙa rahoton rediyo kan alƙalan wasan besbol (wasan da ake jefo ƙwallo a buge ta da sanda) a Amurka, kalmar "timing" ta tsaya mini a wuya. Ba agogo ake nufi ba. Alƙalin yana duƙe bayan mai cafe ƙwallo. Tsakaninsa da mai jifa wajen mita 19 ne, ƙwallo kuma kan iso kafin rabin daƙiƙa. Ana koya masa ya raka ta da ido har ta shige safar hannun mai cafewa, ya tabbatar a ransa, sannan ya buɗe baki ya faɗi ko jifan ya yi daidai ko ya kauce. Mai garaje tun tana iska yake yanke hukunci, sai ta karkace ta kunyata shi.

'Yar Damagaram: Wa alaikumus salam. Jinkiri?

Mai Fassara: Jinkiri aibi ne, Hajiya. Wannan kuwa gwaninta ce.

Ɗan Fagge: Natsuwa mana. Ko ka bar ta taimin, duk mai kallon ƙwallo ya san ta. Rafali ma aro ce.

Tsohon Malami: Wannan ita ce cutarmu! Muna da alƙalin wasa, a ce rafali? Kalmar da kake nema tsahirtawa ce, dakatawa kaɗan da niyya. Shi kansa besbol ɗin a ce ƙwallon gora.

Ɗan Fagge: Ranka ya daɗe, ƙwallon gora hoki ce. Kuma alƙali daga Larabci muka aro shi.

Tsohon Malami: Aron da ya shekara ɗaruruwa daban, na jiya daban, yaro.

'Yar Damagaram: Mu nan ba mu cewa rafali. Kullum ku mutanen Kano Hausarku ce ma'auni?

Mai Fassara: Don Allah a dawo, dare na yi. Daga kakar 2026 ɗan wasa na iya taɓa hularsa ya ƙalubalanci hukunci, na'ura ta duba nan take. Saboda haka maganar take da nauyi. Tsahirtawa ta kama dakatawar, amma ta bar aikin ido, wanda shi ne ginshiƙi.

'Yar Damagaram: To ka ce "gani kafin faɗi" da farko, ka bayyana, daga nan ka riƙa cewa tsahirtawa.

Ɗan Fagge: Matasa ba za su gane ta ba, amma ta fi jinkiri.

Tsohon Malami: Kalma uku wurin ɗaya bai gamsar da ni ba. A dai cire rafali.

Mai Fassara: Na cire, Malam. Besbol kam yana nan. Na gode.