Shirun makarantar Winchester a kan John Smyth: asirin wa aka rufa?

Baban Ishaya: Ni har yanzu ina kan bakana. Shugaban makarantar Winchester ta Ingila bai yi kuskure ba da ya kori John Smyth a asirce a 1982. Na san mutumin ya yi mugun abu. Babban lauya ne, yana shiga ƙungiyar ɗalibai Kiristoci ta makarantar yana koya musu Littafi Mai Tsarki, sannan ya riƙa jan wasu zuwa gidansa yana zane su da bulala, wai horon zunubi. Amma da abin ya fito an hana shi sake taka makarantar. Da an kai wa 'yan sanda, sunayen yaran nan za su cika jaridu, su girma ana nuna su da yatsa. An rufa musu asiri ne.

Maman Tabita: Baba, ka yi haƙuri, wannan kalma ta "zane su" ta yi wa abin kaɗan. Wani fasto mai suna Mark Ruston ya rubuta rahoto a 1982 ɗin, ya ce samari takwas sun sha bulala kusan 14,000 a tsakaninsu. A wani ɗan ɗaki na katako cikin lambun gidansa yake dukansu tsirara har jini ya zuba, wasu sai sun ɗaura ƙunzugu irin na jarirai don kada jinin ya fito ta wando. Ɗaya daga cikinsu ya yi yunƙurin kashe kansa don tsoron dukan da ke jiransa, daga nan ne ma asirin ya tonu. Ni uwa ce. Da ɗana ne, wallahi ba zan gode wa wanda ya ce mu yi shiru ba.

Baban Ishaya: 'Yata, zamanin ne haka. A lokacin doka ba ta hana dukan ɗalibai a makarantun Ingila ba.

Malam Bulus: Gaskiya ne ba a hana ba tukuna, Baba. Sai dai Smyth ba malamin makarantar ba ne, kuma shi kansa Ruston ya rubuta cewa abin da aka yi laifi ne a dokar ƙasa. Sun sani ke nan. Manyan ƙungiyar Iwerne, wadda Smyth ya shugabanta, mai shirya wa 'yan manyan makarantu sansanin hutu na addini, sun karanta rahoton suka adana shi. Abin da ke ci mini rai shi ne abin da ya biyo baya. A 1984 mutumin ya koma Zimbabuwe, ya buɗe sansanonin yara da sunan bishara, ya ci gaba da dukan. A 1992 aka tsinci gawar wani yaro ɗan shekara 16 a wurin ninƙaya na ɗaya daga cikin sansanonin. An tuhume shi, shari'ar ta watse, ya wuce Afirka ta Kudu. Iyayen Zimbabuwe da suka miƙa masa 'ya'yansu, wa ya gaya musu abin da aka sani a Ingila? Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Hajiya Uwani: Ni Musulma ce, kuma ina roƙon kada kowa ya ɗauki wannan a matsayin jifan coci. A Satumban 2019 'yan sanda suka shiga wani gidan mari a Rigasa, Kaduna, suka fito da ɗaruruwan maza, yara da manya, wasu da sarƙa a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Iyaye ne da kansu suka kai su don tarbiyya. Duk inda aka ce wane bawan Allah ne, ba a tambayarsa, yaro ba ya da bakin kai ƙara. In ya faɗa ma, shi za a fara tsawatarwa.

Malam Danjuma: Ku bari in faɗi abin da ba a so a ji. Shekarata da yawa ina koyarwa a makarantar mishan, na ga malamin da aka yi wa ƙage, daga baya gaskiya ta fito, amma sunansa bai dawo ba. In kowane zargi sai ofishin 'yan sanda, wa zai yarda ya zama malamin kwana?

Maman Tabita: Malam, tsoronka yana da tushe. Amma wa ya fi iya tantance ƙage da gaskiya, mai bincike daga waje ko hukumar makarantar da ke tsoron iyaye su kwashe 'ya'yansu? A dakatar da malamin daga hulɗa da yara, a ci gaba da biyansa albashi, a sakaya sunansa da na yaron, a bar masu bincike su yi aikinsu. Malamin kirki ya fi samun wankewa ta haka. Kuma a maganar Smyth babu batun ƙage, an ga raunukan.

Baban Ishaya: To shi Justin Welby fa? Shugaban Cocin Ingila guda ya sauka daga kujerarsa a kan laifin da ba shi ya aikata ba. Wannan kam zalunci ne.

Malam Bulus: Ba don duka ya sauka ba, Baba. Welby ya san Smyth tun lokacin da shi Welby yake matashi yana aiki a sansanonin Iwerne, kuma an kawo maganar gabansa a 2013. Rahoton Keith Makin, mai binciken da Cocin Ingila ya ɗora wa aikin, da ya fito ranar 7 ga Nuwamba 2024 ya ce bai bi diddigi ya tabbatar an binciki lamarin yadda ya kamata ba, alhali Smyth yana raye a lokacin. Sai a 2017 gidan talabijin na Channel 4 ya fallasa Smyth, wanda ya mutu a Cape Town ta Afirka ta Kudu a 2018 ba a hukunta shi ba. Rahoton ya ce waɗanda ya cutar sun haura ɗari. Kwana biyar bayan fitowarsa Welby ya sanar da murabus, ya ce ya ɗauki alhakin.

Baban Ishaya: A kan Welby ban gamsu ba. An gaya masa 'yan sanda sun san da maganar, shi kuma ya yarda.

Maman Tabita: Haka aka gaya masa, Baba. Amma shekara huɗu suka wuce, mutumin da ya sani da suna yana yawonsa a Cape Town, bai sake tambaya ba ko an kama shi.