"Yarinya" ko "baliga"? Yadda muhawara ta kaya a zauren tsofaffin ɗalibai

'Yar Gusau: Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri, yau raina a ɓace yake. 'Yar baffana, shekararta 14, tana aji uku na ƙaramar sakandare, an cire ta za a yi mata aure bayan sallah. Da na yi wa Baffa magana sai ya ce ai Yarima ma ya yi, wa ya kama shi? Abin da ya ƙona min rai ke nan. Mutum ya yi gwamnan Zamfara daga 1999 zuwa 2007, ya tafi majalisar dattawa, a 2010 ya auro yarinya daga Masar wadda jaridu suka ce shekararta 13. Hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane ta kira shi ta yi masa tambayoyi, daga nan magana ta bi ruwa. Yau ga talaka a ƙauye yana kafa hujja da shi.

Bazamfare: Wa alaikumus salam. Anti, gyara kalamanki. Wace ce yarinya? Ke kika yanke mata cibiya? Shi kansa Yarima ya musanta cewa shekararta 13.

'Yar Gusau: To nawa ya ce?

Bazamfare: Ba dole ba ne ya faɗa miki shekarun matarsa.

Malamin Islamiyya: Hajiya, a shari'a ba da kalanda ake auna mace ba, da balaga ne. Wadda ta balaga ba yarinya ba ce, baliga ce.

Bakano: Allah gafarta malam, a Hausa ko matar da ta haifi uku mijinta yana cewa "ina yarinyar nan?" Kalmar ba zagi ba ce.

Malamin Islamiyya: Wannan na soyayya ne. Ita da wata manufa ta faɗa.

Maman Biyu: Ni dai na yi aikin jinya shekara goma sha ɗaya a ɗakin haihuwa. Ku kira ta duk sunan da kuka ga dama, ƙugu bai san suna ba. Idan bai gama buɗewa ba, naƙuda ta yi kwana biyu a gida, kan jariri ya danne mafitsara, sai yoyon fitsari. Wanda yake musu ya je asibitin masu yoyon fitsari na Babbar Ruga a Katsina ya ga layi da idonsa.

Bazamfare: Rashin asibiti ne ke kawo yoyon fitsari, ba aure ba. Kakata tana da 13 aka kai ta ɗaki, ta haifi tara lafiya lau.

Maman Biyu: Sa'o'inta da suka mutu a kan gwiwa ba su bar jikokin da za su zo zaure su ba da labari ba.

Barista: Bari in ɗan saka baki. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta ce duk wanda bai kai 18 ba yaro ne, amma sai jiha ta amince da ita take aiki a cikinta. Sannan hayaniyar da aka yi da Yarima a majalisar dattawa a 2013 ba a kan shekarun aure aka yi ta ba. Sashe na 29 na kundin tsarin mulki yana magana ne a kan wanda zai yafe zama ɗan Najeriya, a ciki akwai sakin layin da ya ɗauki duk matar aure a matsayin wadda shekarunta suka cika. An so a cire shi, Yarima ya tsaya kai da fata, aka sake ƙuri'a, masu son cirewa ba su kai kashi biyu cikin uku ba.

Bazamfare: Ka ga gwarzo ke nan! Shi ya fara ƙaddamar da shari'a a 1999 lokacin da sauran gwamnoni ke raɓe-raɓe. Tun ranar 'yan jaridar Legas suke neman sa da sharri.

Bakano: Kawo 'yar Masar ɗin a ɗaura aure a Abuja ma gwarzantaka ce? Masar ta hana aurar da wadda ba ta kai 18 ba tun 2008.

Mai Shago: Turawan da kuke yi wa biyayya fa? A Ingila har zuwa 1929 doka ta yarda a aurar da mace mai shekara 12. Sai a 2023 suka mayar da shi 18. Su ba a zage su ba.

Barista: Gaskiya ne, amma ka lura sun canza. Kuma Yarima ba a 1929 ya yi nasa ba.

Mai Shago: To Sarkinku Sanusi da yake wa'azin hana auren wuri, 'yar shekara nawa ya aura a 2015?

Bakano: Sha takwas, kuma ba ta tare ba sai da ta yi karatu. Kada ka sa Mai Martaba a cikin shirmenka. Mun san ku, 'yan Gandujiyya.

Mai Shago: Gandujen ne dai ya sa hannu a dokar kare yara ta Kano a 2023. Jar hula ta yi me?

Bakano: Yana tattara kayansa zai bar gidan gwamnati ya sa hannun. Ladan ganin ido.

Ɗan Maradi: Mu a nan Nijar doka ta ce 15 ga mace, 18 ga namiji, kuma ko ita ba a bi a karkara. Talauci ne, 'yan uwa.

Bazamfare: Kai kuma wa ya sa ka a zauren nan? Ajinmu ɗaya?

'Yar Gusau: Jama'a, ni fa shawara nake nema a kan yarinyar nan.

Malamin Islamiyya: Kin sake cewa yarinya.

Shugaban zaure: To, ya isa haka. A taƙaice abin da aka cimma shi ne, mafi yawanmu sun yarda cewa ba daidai ba ne a ci mutuncin shugaban da ya yi wa addini hidima, tunda babu kotun da ta same shi da laifi. Malam ya warware mana batun kalmar da hujja. Barista ya tabbatar da cewa hayaniyar 2013 ƙarya ce aka yi wa Yarima. Bayanin Maman Biyu a kai shi zauren lafiya. Bakano, wannan ne gargaɗi na ƙarshe a kan siyasa. Na rufe.

Barista: Ranka ya daɗe, ban ce haka ba.

'Yar Gusau: Maman Biyu, duba saƙonki, ko za ki raka ni wurin Baffa ranar Asabar.