Me binciken Farfesa Charles Wondji ya ƙara mana a kan sauron da ya daina jin magani?

Maman Hafsa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a ƙaramin asibiti a yankin masu noman shinkafa, kuma da ni ake rabon gidan sauro. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne uwa ta zo da yaro jiki zafi rau, ta rantse a cikin gidan sauro yake kwana, amma da asuba tana ganin sauro zaune a jikin ragar, ciki taf da jini, bai mutu ba. A wajen wata bita na ji an ambaci Farfesa Charles Wondji a kan wannan matsala. Don Allah me ya gano, kuma aikinsa ya shafi abin da muke rabawa?

Ɗan Ɗakin Gwaji:
Wa'alaikumus salam Hajiya. Abin da iyayen nan suke gani gaskiya ne. Wondji ɗan Kamaru ne, farfesa a makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful a Ingila, kuma shi ke shugabantar cibiyar bincike ta CRID a Yawunde. Ya fi shahara a kan nau'in sauron da ake kira Anopheles funestus, ɗaya daga cikin masu yaɗa zazzaɓin cizon sauro. A 2014 shi da abokan aikinsa sun nuna cewa sauyi ɗaya tak a ƙwayar gado mai suna GSTe2 yana ba sauro ikon jure maganin ƙwari na DDT. A 2019 kuma suka fito da hanyar gane sauro mai ɗauke da wani samfurin ƙwayar gado mai suna CYP6P9a, wanda jikinsa ke narkar da maganin gidan sauro kafin ya kashe shi.

A da, sai dai mu kwaso 'ya'yan sauro daga kududdufi, mu rene su, mu zuba manyan a bututu mai takardar magani na awa 1, mu ƙirga matattu bayan awa 24. Idan waɗanda suka mutu ba su kai kashi 90 cikin 100 ba, an tabbatar da juriya. To amma a lokacin ai ta riga ta bazu. Da gwajin ƙwayar gado kuwa ana hango ta tun tana tasowa, ko daga busasshen sauro ne. Wannan ne ya sa nake ganin girman aikinsa.

Malamin Gona:
Ni dai tambayata, sauron Malawi da Mozambik aka yi wa wannan binciken ko namu? Nan fadama manoma na feshin ƙwari a cikin ruwan da sauro ke ƙyanƙyasa, tun yana ƙarami ya saba da guba.

Ɗan Ɗakin Gwaji:
Malam, ka taɓo wurin. CYP6P9a a kudancin Afirka ta fi ƙarfi, mu kuwa wanda ya fi addabarmu Anopheles coluzzii ne. A nan haɗin gwiwa ya yi rana. Sulaiman Sadi Ibrahim na Jami'ar Bayero ya yi aiki tare da Wondji, kuma a 2014 suka wallafa abin da suka samu a sauron Auyo a Jigawa da Bunkure a Kano: juriya mai tsanani. A 2019 suka fitar da irinsa a kan sauron Nijar da na Chadi. Horar da matasan masana na Afirka da ake yi a CRID ma ba ƙaramin abu ba ne.

Hajiya, batun abin da kike rabawa: ba mutum ɗaya ya kawo canjin ba. Gwaje-gwajen da wasu masana suka yi a Tanzaniya su ne suka nuna amfanin gidan sauro mai PBO, sinadarin da ke hana jikin sauro narkar da magani, sai kuma mai magani biyu irin Interceptor G2, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da irinsa a 2023. Bincike irin na su Wondji shi ke nuna inda ya kamata a kai su.

Maman Hafsa:
Allah ya saka da alheri. Gobe zan duba ledar waɗanda suka rage a sito, in ga ko an rubuta PBO. Kafin nan me zan gaya wa iyayen?

Ɗan Ɗakin Gwaji:
Kada su daina shiga. Ko maganin ya yi rauni, ragar tana tare sauro. Su ɗinke duk huda, su cusa bakinta ƙarƙashin katifa ko tabarma, yaro kada ya kwanta jikinsa manne da ita, don ta nan sauron ke cizo. In an wanke, a shanya a inuwa.