Neman shawara kan siginar katsewa lokacin sake saita katin PCI a ƙarƙashin VFIO

Assalamu alaikum. Ina kula da wata sabar Linux a Birnin Kebbi, wadda na miƙa katinta na sadarwa kai tsaye ga kwamfutar kwaikwayo ta hanyar QEMU (manhajar da ke gudanar da kwamfutar kwaikwayon) da VFIO (tsarin Linux na miƙa mata na'ura kai tsaye). Duk lokacin da kwamfutar kwaikwayon ta sake kunnawa, ana yi wa katin FLR (wato sake saita shi zuwa yanayinsa na farko), kuma a daidai wannan lokacin sabar takan rufe layin katsewar (layin da katin ke aika sigina ta kansa don neman kulawar kwamfutar) gaba ɗaya, saboda sigina na ta shigowa babu direban (manhajar sarrafa na'ura) da ya amsa su. Katin yana amfani da INTx (tsohuwar hanyar aika siginar katsewa ta kan layi), kuma yana tarayya a layi ɗaya da wata na'urar USB, wadda ita ma take daina aiki nan take.

Na san ƙa'idar PCIe (tsarin haɗa irin wannan kati da kwamfuta) ta ba FLR milisakan 100 ya kammala, kuma zargina shi ne sake saitin yana goge alamar da ke toshe INTx kafin a maido da saitunan katin. Shin ya kamata a toshe siginar tun kafin sake saitin, ko kuwa tilasta wa katin amfani da MSI-X (hanyar aika siginar katsewa a matsayin saƙo) ya wadatar, tunda ba a tarayya a kansa? Ina neman shawarar malamai da suka taɓa fama da wannan.