Wai makarantar mishan ce ta raya waƙar Xhosa?

Yaya Babba: Ni fa har yanzu ina kan bakata, masu waƙar Xhosa na Afirka ta Kudu da ke kukan wai boko ya raba su da harshensu ba su yi wa makaranta adalci ba. Makarantar mishan ta Lovedale da aka buɗe a 1841 ai ita ta riƙa buga littattafan Xhosa, shi kanshi Mqhayi, shahararren mawaƙin Xhosa, can ya yi karatu, in ba ita ba da yanzu wa zai san waƙoƙinsa?

Malama: Haba Yaya, waƙar imbongi, wato mawaƙin fada na Xhosa, fa ta girmi injin buga littafi, a gaban sarki ake yin ta da baka, har a tsage masa gaskiya in ya kauce. Kuma ka tuna Mandela, Rolihlahla iyayensa suka raɗa masa, ranar farko a aji malama ta ce daga yau kai ne Nelson. Yaro ɗan shekara 7! Wannan shi ne ciwon da mawaƙan nan suke ta faɗa.

Kawu: Ku bari in sa baki. Mandela ya ba da labarin zuwan Mqhayi makarantarsu ta Healdtown, ya shigo sanye da fatar damisa da mashi a hannu ta ƙofar da shugaban makaranta kaɗai ke bi, yara suka yi tsit, ya yi waƙa da Xhosa tsantsa a wurin da aka koya musu Ingila ce ƙarshen wayewa. Mandela ya ce ranar ya ji alfahari da zamansa ɗan Xhosa. To in makarantar na raya abin, me ya sa yaran suka ji shi kamar baƙo?

Yaya Babba: Na ji Kawu, amma dokar Bantu Education ta 1953, wadda gwamnatin wariyar launin fata ta kafa kan karatun baƙar fata, ai da harshen gida ta sa a koyar a firamare, kuma iyaye da yawa suka ƙi don sun gane so ake a takure 'ya'yansu. Kenan ba kullum harshen uwa ke nufin 'yanci ba.

Malama: Wannan gaskiya ne wallahi, ban musa ba. Amma yau ma yawancin yaran lardin Eastern Cape, yankin 'yan Xhosa, da Xhosa suke karatu zuwa aji 3, aji 4 a juya su Turanci kwatsam, yaron da ke da baki a gida ya koma kurma a aji. Ni ma an taɓa cin tarata a firamare don na yi Hausa, shi ya sa waƙoƙin nan suke taɓa ni.

Kawu: Yaya kai da ka kawo Lovedale, ka amsa mana maganar sunan nan tukuna.