Soto ya bar gida, an tono tsohuwar allura

Direban Bronx:
Salamu alaikum 'yan zaure. Tun Disambar 2024 da ɗan wasan besbol Juan Soto ya bar kulob ɗinmu Yankees na unguwar Bronx ya koma Mets na unguwar Queens, duk a birnin New York, kan dala miliyan 765 na shekara 15, abin yake cina. Yau na ɗauki wani yaro a gaban filin wasanmu sanye da tsohuwar rigarsa mai lamba 22, ciwon ya dawo sabo.

Soto mun ba ka masauki,
Mun ɗora ka bisa doki,
Shekara ɗai ka yi aiki,
Sannan ka bi ƙamshin dala.

Kogi guda ka tsallaka,
Ka bar gidan da ya so ka,
Kuɗin da yau ya janye ka,
Shi zai jefa ka wahala.

Hajiyar Queens:
Yaya, riƙe sitiyari,
Kar kuka ya ja haɗari,
Ku kuka koya wa gari
Sayen ɗan wasa da dala.

A-Rod naku ne, ba ƙarya,
Kun cika masa ƙwarya,
Ya sha dakatarwar kunya,
Shekara cur kan allura.

Dala miliyan 275 kuka ba A-Rod, wato Alex Rodriguez, a 2007. Kakar 2014 kuwa, wasa 162, yana zaune a gida kan badaƙalar Biogenesis, cibiyar da ta riƙa ba 'yan wasa haramtattun magungunan ƙara kuzari. Ƙaryata ni.

Ɗan Nima:
Kai! Allah ya ja zamanin Hajiya. Tayar tasi ta yi faci, a kira bakanike.

Malam Aruli:
Hajiya, a yi min afuwa. An kafa babban amsa-amo da "la", ke kuma kin rufe da "ra". Dala da allura ba uwa ɗaya ta haife su ba. Sannan "Kun cika masa ƙwarya" gaɓa bakwai ne, 'yan uwansa takwas-takwas. Ɗangon yana ɗingishi.

Hajiyar Queens:
Allah gafarta Malam, ashe mu ma muna da mai gwajin fitsari a zauren nan.

Malam ya zo da kwalbarsa,
Gwajin baiti ne aikinsa,
Mun daɗe ba mu ji nasa,
Sai gyara kamar na tela.

Ɗan Damagaram:
Ni a kunnena la da ra duk ɗaya suke sauka. Makaɗa nawa ne suke haɗa su, ba wanda ya tsayar da kiɗa?

Malam Aruli:
Makaɗi yana da kalangu da 'yan amshi da za su rufa masa asiri. Rubutacciyar waƙa tsirara take fitowa, kowa na ganin ƙafarta.

Ɗan Nima:
To ai gaɓa ba tumatir ba ce da za a yi ta ƙirga ta a faranti, Malam. Nauyinta ake aunawa, mai nauyi da mai sauƙi. Kai ka koya mana haka bara.

Malam Aruli:
In muka koma awon nauyi, babu baiti ɗaya a zaren nan da zai kwana lafiya, har na Direba. Sassauci na yi muku.

Direban Bronx:
Jama'a, kukan Soto fa na kawo.

Kawun Shikago:
Ku yi haƙuri, kwana biyu ina aikin dare, yanzu na karanta duka. Hajiya ta jefi A-Rod, amma ta bar waɗanda suka riƙe masa tsani.

Yajin aiki ya ci kaka,
'Yan kallo suka bar harka,
Sai ga ƙatti masu duka,
Fili ya cika, ga dala.

Masu kulob sun ga damtse,
Suka bar ido a rintse,
Da romon duk suka tsotse,
Sai Bonds ya zama matsala.

Ga wanda bai san tarihin ba: a 1994 yajin aikin 'yan wasa ya hana a buga World Series, wato wasannin ƙarshe na cin kofin gasar, mutane suka yi fushi da besbol. A 1998 Mark McGwire ya fitar da ƙwallo waje sau 70, Sammy Sosa namu na Cubs sau 66, kujeru suka sake cika, kaɗan ne suka tambayi me ake sha. McGwire da bakinsa ya amsa a 2010 cewa ya yi amfani da ƙwayoyin ƙara kuzari. Rahoton Mitchell na 2007, wato binciken da aka yi kan shan irin waɗannan ƙwayoyi a besbol, ya ambaci 'yan wasa 89. Barry Bonds, wanda shi ma aka zarga da shan su, da ya fitar da ƙwallo waje sau 762 a tsawon wasansa ya wuce 755 na Hank Aaron, ya tsaya a kashi 66 na ƙuri'un 'yan jarida a 2022, alhali 75 ake nema don shiga zauren gwaraza na Cooperstown. Bud Selig kuwa, shugaban gasar a duk zamanin nan, tun 2017 yana ciki. An ci tuwo da yaro, an ce shi kaɗai hannunsa ke da miya.

Hajiyar Queens:
Kawu, na sara maka. Sai dai na ga ka sa "namu" a kan Sosa, ka wuce da sauri.

Ɗan Damagaram:
Mu a kokawa ɗan wasa da layunsa yake shiga fili, kowa na gani, ba a ɓoye. Su can me suke cewa in an kama su?

Direban Bronx:
Ɗan'uwa, ji wannan, na Fernando Tatis ƙarami na kulob ɗin Padres, da aka dakatar a Agustan 2022:

Tatis da aka kama shi,
Ya ce makero ke cin shi,
Maganin ne ya cuce shi,
Wasa tamanin, madalla!

Mutumin da ke da kwantiragin miliyan 340, wai makero.

Malam Aruli:
Shi, shi, shi. Maimaita kalma ɗaya sau uku lalaci ne, ba amsa-amo ba. Tunda Hajiya ta ce ba a jin nawa, ga yadda ake yi. Shohei Ohtani ya sa hannu kan miliyan 700 da Dodgers, ya ce a riƙe 680 sai bayan shekara goma, yana karɓar 2 a shekara. Tafintansa kuma ya kwashe masa kusan miliyan 17.

Ohtani ya ba da bashi,
Dodgers ne uwar adashi,
Tafinta ma ya yashe shi,
Ya kai wa 'yan caca dala.

Ɗan Nima:
Uwar adashi! To wannan kam ya shiga, Malam, ko da yake ni har gobe ɗan Hajiya ne.

Hajiyar Queens:
Ya shiga, amma a miƙo min kwalbar. "Dala" ta fito sau uku kafin Malam ya iso, shi ya yi ta huɗu. Wa ya ce maimaici lalaci ne? Dakatarwa wasa 80.

Malam Aruli:
Zan ɗaukaka ƙara.

Direban Bronx:
An kira ni filin jirgi, kuma dole in bi ta Queens, ta gaban filin su Hajiya. Zan ɗaga gilashi. Baitina na zuwa bayan la'asar, Soto dai ban yafe ba.