Na sauke BMW E36 ƙasa, yanzu sitiyari na fizgewa

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman manyan bakanikai. Sati uku ke nan ina fama da abin nan, har barci ya fara gagara ta.

Motata BMW E36 ce, ta wasan gudu na gina ta. Na sayo sababbin shakazoba masu zaren gyara tsayi, muka ɗaura a gareji kusa da Ƙofar Ruwa, muka sauke gaba da santimita 4. Tsayuwarta ta yi kyau, babu laifi. Amma da na hau ɗan tudu ko na faɗa rami, sai sitiyari ya fizge hagu kamar an ƙwace mini shi. Da na leƙa ƙarƙashi da tocila, na ga tarod ɗin, wato sandar da ke haɗa sitiyari da taya, ya daina kwanciya daidai, bakinsa na wajen taya ya ɗaga sama. Cikin tayoyin gaba kuma har ya fara cinyewa.

An yi alaimen sau biyu. Bal-joyin sabo ne. Maigidana ya ce wataƙila mun ɗaure notikan bushin tana rataye a kan jak, muka sassauta muka sake ɗaurewa tana tsaye a kan tayoyinta. Ƙarar da take yi ta ragu, fizgar tana nan.

Don Allah, in ɗan ɗaga ta ne, ko akwai kan tarod mai gyara wannan kwanar da ake samu a nan Kano? Kuɗin da na zuba ba kaɗan ba ne.